Zaure ɗaya, doka biyu: taƙaddamar baje kolin bindigogi a Amurka

Sau biyu a shekara, a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, ana cika wani katafaren zaure da tebura sama da 4,000, kowanne shaƙe da bindigogi, harsasai, wuƙaƙe da tsofaffin kayan soja. Masu shirya taron suna cewa babu baje kolin makamai da ya kai nasu girma a duniya. Mutum zai biya kuɗin shiga a ƙofa. In ya zo da tasa bindigar, sai a duba a tabbatar babu harsashi a ciki, a ɗaure ta da igiyar roba, sannan ya wuce. A cikin irin wannan zaure za a ga magidanci da matarsa da 'ya'yansa suna zagaye, ga mai sayar da busasshen nama irin kilishinsu, ga dattijo ya shimfiɗa bindigogin yaƙin duniya na biyu, ga kuma wani yana yawo tsakanin tebura da doguwar bindiga rataye a kafaɗa, ya maƙala mata takardar farashi.

Dubban taruka irin wannan ake yi kowace shekara a Amurka. Wani rahoton gwamnati na 1999 ya ƙirga sama da 4,000 a shekarar da ta gabace shi. Duk lokacin da aka yi harbin kan mai uwa da wabi, sai a ji 'yan siyasa suna kiran a toshe abin da suke ce wa "kafar baje koli", wasu kuma su ce babu wata kafa, ƙirƙira ce kawai. Mai bin labarin daga nesa sai ya rasa na kamawa.

Ina kafar take?

A ɗauki tebura biyu da ke maƙwabtaka a zauren. Na farko na dillali ne mai lasisin gwamnatin tarayya, wanda yake da shago a gari. In ka zaɓi bindiga a wurinsa, zai karɓi katin shaidarka, ya miƙo maka fom mai lamba 4473 ka cike: sunanka, adireshinka, ko an taɓa yanke maka hukunci kan babban laifi, ko kana shan ƙwaya, ko kotu ta taɓa samun ka da laifin dukan iyali. Daga nan sai ya tuntuɓi rumbun bayanan hukumar FBI da ake kira NICS, ta waya ko ta intanet. Yawanci cikin 'yan mintuna amsa take zuwa: a sayar, a dakata, ko a hana. Abin da zai yi a shagonsa, shi zai yi a zauren, babu ragi.

Tebur na biyu na wani ne da ya ce shi ba ɗan kasuwa ba ne, bindigoginsa na gida yake ragewa. A ƙarƙashin dokar tarayya, wannan ba dole ya nemi katinka ba, ba dole ya tuntuɓi kowa ba, ba dole ya rubuta komai ba. Ka ba shi kuɗi, ya ba ka kaya. Laifi yana hawa kansa ne kawai idan ya san, ko yana da dalilin zaton, cewa doka ta haramta maka riƙe bindiga, ko kuma kai mazaunin wata jiha ne daban. Amma doka ba ta tilasta masa ya tambaya ba.

To kafar ke nan, kuma a nan sunan yake ruɗar mutane. Babu wata doka da ta yi wa baje koli sassauci na musamman. Mai tebur na biyu zai iya yin wannan cinikin a falonsa, ko a filin ajiye motoci, ko bayan ya yi talla a intanet. Abin da doka take dubawa shi ne wane ne mai sayarwa, ba inda aka yi cinikin ba. Shi ya sa masu kare 'yancin mallakar bindiga suke cewa an bar jaki ana dukan taiki. Ɗaya ɓangaren kuma yana amsawa da cewa baje kolin ne yake tara ɗaruruwan irin waɗannan masu sayarwa a wuri guda, a rana guda, ta yadda wanda aka haramta wa saye ba sai ya sha wahalar nema ba. Kowanne da gaskiyarsa a nan.

Yadda aka zo nan

Tushen komai shi ne gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya ce ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makamai ba. Tsarin lasisin da ake amfani da shi yau ya samo asali ne daga dokar 1968, wadda aka yi bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a wannan shekarar, shekara biyar bayan kisan Shugaba John Kennedy da bindigar da aka yi odarta ta gidan waya. Dokar ta ce duk mai sana'ar sayar da bindiga sai ya mallaki lasisi, amma ba ta fayyace mene ne sana'a ba.

A 1986 aka fayyace, ta hanyar da ta yi wa masu bindiga daɗi. Sabuwar dokar ta ce mai sana'a shi ne wanda yake saye da sayarwa a kai a kai, kuma babbar manufarsa ita ce neman abinci da riba. Mai sayarwa jefi-jefi, ko mai rage abin da ya tara don sha'awa, ba ya ciki. Dokar ta kuma tabbatar wa dillalai damar kai hajarsu baje koli, sannan ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga. A riƙe wannan batu na rajista, domin shi ne ƙashin bayan rigimar har yau.

Binciken tarihin mai saye ya zo ne a 1993 da dokar Brady, wadda aka sa wa sunan James Brady, kakakin Shugaba Ronald Reagan da harsashi ya nakasa a harin da aka kai wa shugaban a 1981. Rumbun NICS ya fara aiki a ƙarshen 1998. Sai dai dokar ta ɗora nauyin binciken a kan masu lasisi kawai. Da aka haɗa ta da ma'anar 1986, sai tebur na biyu ya tsira.

Abin da ya fito da batun fili shi ne harin makarantar sakandaren Columbine a jihar Colorado, ranar 20 ga Afrilu 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe 'yan uwansu ɗalibai 12 da malami ɗaya. Uku daga cikin bindigogi huɗun da suka yi amfani da su wata ƙawarsu ce 'yar shekara 18 ta saya musu a baje koli kusa da Denver, daga hannun marasa lasisi. Daga baya ta shaida wa 'yan majalisar jihar cewa da an buƙaci ta ba da bayananta a bincika, da ba ta saya ba. Masu adawa da sabuwar doka suna tunatarwa cewa da an bincika ɗin ma, da ta tsallake, tunda ba ta da wani laifi a kanta.

Wata guda bayan harin, Majalisar Dattawa ta amince da tilasta bincike a baje koli da ƙuri'a 51 da 50, mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ne ya raba gardama. A Majalisar Wakilai ƙudurin ya mutu. Haka ta sake leƙowa ta koma a Afrilun 2013, bayan kisan yara 20 da ma'aikata shida a firamaren Sandy Hook. Sanata Joe Manchin na jam'iyyar Democrat da Pat Toomey na Republican sun kawo ƙudurin da zai shafi baje koli da cinikin intanet, ya ƙyale kyauta tsakanin dangi. Ya samu ƙuri'a 54, alhali ƙa'idar majalisar tana buƙatar 60.

Alƙaluman da kowa yake ja wajensa

Akwai alƙalami ɗaya da masu kare baje koli ba sa gajiya da ambato. A 2016 sashen ƙididdiga na ma'aikatar shari'a ya tambayi fursunonin da suke riƙe da bindiga lokacin da suka aikata laifi inda suka samo ta. Kashi 0.8 cikin 100 ne kawai suka ce a baje koli. Kashi 43 sun ce a kasuwar bayan fage, kusan kashi 25 daga dangi ko abokai, kashi shida kuma sata suka yi.

Ɗaya ɓangaren ba ya musanta wannan. Abin da yake cewa shi ne fursuna ya san hannun ƙarshe da ya miƙo masa bindigar ne kawai, bai san inda ta fito ba. Mai sayarwa a lungu shi ma wani wuri ya saro. Suna kafa hujja da rahoton hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi na shekarar 2000, wanda ya duba binciken safarar makamai na tsakanin 1996 da 1998, ya gano cewa kashi 14 na bincike-binciken suna da alaƙa da baje koli, kuma sun ƙunshi bindigogi kusan 26,000. Alƙaluman biyu ba sa karo da juna, tambayoyi biyu daban suke amsawa. Matsalar na biyun ita ce ya tsufa, an tattara shi ne kafin cinikin intanet ya bunƙasa.

An daɗe ana yawo da cewa kashi 40 na bindigogin Amurka ana sayensu ba bincike. Wannan ya fito ne daga wani ƙaramin nazari na 1994. Wani sabon nazari da aka wallafa a 2017 ya samu kashi 22 a tsakanin waɗanda suka mallaki bindiga cikin shekara biyun da suka gabata. Ya ragu sosai, amma a ƙasar da aka ƙiyasta fararen hula suna riƙe da bindiga miliyan 393 a 2017, wato sun fi mutanen ƙasar yawa, kashi ɗaya cikin biyar ba ƙaramin abu ba ne.

Sai tambayar da ta fi kowacce wuya: in an tilasta binciken, kisa yana raguwa? Masu bincike da suka duba Kalifoniya, wadda ta wajabta shi kan kowane ciniki tun 1991, ba su ga canji a yawan kisa da bindiga ba cikin shekara goman farko. Inda aka fi ganin tasiri shi ne jihohin da suka ce sai mutum ya je wurin hukuma da kansa ya karɓi izinin saye. Connecticut ta kafa wannan tsari a 1995, nazarce-nazarce suka danganta shi da raguwar kisa. Missouri ta soke nata a 2007, aka ga kisa ya ƙaru. Ma'ana, bincike shi kaɗai ba tare da hanyar tabbatar da ana bin sa ba, ƙarfinsa kaɗan ne.

Abin da kowane ɓangare yake tsoro

Ƙungiyoyi masu fafutukar tsaurara dokar bindiga, irin su Brady, Giffords da Everytown, suna ganin maganar a sauƙaƙe. Tun 1994 bincike ya hana ciniki sama da miliyan 4, to me zai sa a bar wa wanda aka hana wata ƙofa a buɗe? Misalin da suke yawan kawowa shi ne na Midland da Odessa a Texas, a Agustan 2019. Maharin ya je sayen bindiga a 2014, bincike ya hana shi. Daga baya ya saya a hannun wani marar lasisi, ya kashe mutum bakwai da ita. An ɗaure mai sayarwar daga baya saboda yin sana'ar ba lasisi. Suna kuma nuna ƙuri'un jin ra'ayi, inda shekara da shekaru sama da kashi 80 na Amurkawa suke goyon bayan binciken, har da yawancin 'yan Republican.

Ƙungiyar NRA mai kare 'yancin mallakar bindiga da takwarorinta suna da amsoshi da dama. Ta farko ita ce mafi yawan hare-haren da suka girgiza ƙasar ba ta wannan kafa aka bi ba. Maharin firamaren Uvalde ta jihar Texas na 2022 a shago mai lasisi ya saya, ya tsallake bincike. Haka na Las Vegas a 2017. Na Sandy Hook bindigogin mahaifiyarsa ya ɗauka. Ta biyu, ɓarawo da ɗan daba ba za su je a bincike su ba ko an yi dokar, sai dai a wahalar da manomin da yake son sayar wa maƙwabcinsa bindigar farauta, a sa su yi tafiya mai nisa zuwa shagon dillali su biya kuɗi.

Amma babbar hujjarsu ita ce rajista. In aka ce kowane ciniki sai da bincike, ta yaya hukuma za ta san an bi doka idan ba ta san wa yake da wace bindiga ba? A ganinsu tilasta bincike zai haifi rajista, rajista kuma ita ce matakin farko na ƙwace makamai, kuma sukan buga misali da Ostireliya da ta karɓe dubban ɗaruruwan bindigogi daga hannun jama'a, tana biyan diyya, bayan harin Port Arthur na 1996. Wannan tsoro ya riga ya shiga cikin dokokin ƙasar. Bayanan wanda NICS ta amince masa dole a goge su cikin awa 24. Fom ɗin 4473 a hannun dillali yake zama. Idan ya rufe shago sai a aika takardun cibiyar ATF da ke Martinsburg a West Virginia, inda doka ta hana a mayar da su rumbun da za a iya lalubo mutum da sunansa. In ɗan sanda ya tsinci bindiga a wurin da aka yi kisa, sai a bi sawunta daga kamfani zuwa babban dillali zuwa shago zuwa mai saye na farko. Idan wannan ya ce ya sayar wa wani a baje koli shekara biyar da suka wuce, bai kuma riƙe sunansa ba, sawu ya ɓace ke nan.

Wani abu da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kai ba: cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, sama da rabi kansu suka kashe. Binciken tarihin laifi ba ya hango wannan.

Dokar 2022 da abin da ya biyo baya

Bayan harin wani kanti a birnin Buffalo, da kuma na Uvalde inda aka kashe yara 19 da malamai biyu, jam'iyyun biyu sun haɗu sun yi doka a Yunin 2022, mafi girma kan bindiga cikin kusan shekara 30. Ba ta wajabta bincike kan kowane ciniki ba. Abin da ta yi shi ne taɓa ma'anar nan ta 1986: ta cire batun neman abinci, ta bar neman riba. Ta kuma mayar da sayen bindiga a madadin wanda aka haramta wa babban laifin tarayya, mai ɗaurin da zai kai shekara 15.

Gwamnatin Joe Biden ta dogara da wannan canji ta fitar da ƙa'ida ta hannun ATF a Afrilun 2024. Ƙa'idar ta lissafa alamomin da za su sa a ɗauki mutum ɗan kasuwa, kamar yawan sake sayar da bindiga cikin kwana 30 da sayenta, ko sayar da sababbi a kwalinsu a kai a kai. Gwamnati ta ƙiyasta za ta shafi mutum sama da 20,000. Kafafen labarai da yawa sun ruwaito cewa an toshe kafar, wanda ya zarce gaskiya, domin mai sayar da bindigarsa jefi-jefi bai shiga ciki ba. Texas da wasu jihohi suka garzaya kotu suna cewa hukumar ta wuce gona da iri, ta rubuta abin da majalisa ba ta rubuta ba, kuma wani alƙalin tarayya a Texas ya dakatar da aiwatar da ita a kan masu ƙarar. Da Donald Trump ya dawo mulki, a Fabrairun 2025 ya umarci ma'aikatar shari'a ta sake duba duk matakan Biden kan bindiga, har da wannan. Abin da shugaba ya kafa da ƙa'ida, wani shugaban yana iya warware shi da ƙa'ida. Kalmomin dokar 2022 kuwa sai majalisa ce za ta iya canza su.

Kotun Ƙoli ma tana gefe. A 2008 ta yanke cewa mallakar bindiga haƙƙin kowane mutum ne, ko da yake ta ce sharuɗɗan ciniki ba su saɓa wa tsarin mulki ba. A 2022 ta ƙara tsaurarawa, ta ce duk dokar bindiga sai ta yi daidai da al'adar dokokin ƙasar a tarihi, abin da ya buɗe ƙofar ƙararraki masu yawa.

A ƙasa, jiha ce take magana

Tunda tarayya ta cije, jihohi suka kama gabansu. Masu zaɓe a Colorado da Oregon sun wajabta bincike a baje koli tun Nuwamban 2000. Yau kusan jihohi 20 suna buƙatar bincike ko izini a cinikin marasa lasisi, aƙalla na ƙananan bindigogi. Kalifoniya ta ƙara da jiran kwana goma, ta kuma hana sayar da bindiga a filayen gwamnatin jiha, wanda ya kori baje kolin daga wuraren da aka saba yin sa. A Texas, Oklahoma ko Georgia kuwa tebur na biyu yana nan yadda yake. Jihar Maine ta nuna yadda ra'ayi yake juyawa: masu zaɓe sun ƙi dokar da ƙaramin rinjaye a 2016, duk da ƙuri'un jin ra'ayi, sannan bayan kisan mutum 18 a Lewiston a 2023 majalisar jihar ta wajabta bincike a cinikin da aka yi wa talla.

Ga talakan Amurka, wannan yana nufin abin da yake halal a wannan gari yana iya zama laifi bayan tafiyar awa ɗaya a mota. Yana kuma nufin bindiga tana kwarara daga jihohi masu sassauci zuwa masu tsauri, kamar yadda mahukuntan Chicago suka daɗe suna kuka da maƙwabciyarsu Indiana. Baƙi kuma su lura: mai takardar zama ta dindindin yana iya saye, amma wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara doka ta haramta masa riƙe bindiga sai a wasu keɓantattun yanayi, kamar mallakar lasisin farauta. Rashin tambaya daga mai sayarwa ba ya wanke mai saye.

Kwararar ba ta tsaya a iyakar Amurka ba. Kusan kashi 70 na bindigogin da aka kama a Meksiko aka aika a bi sawunsu, daga Amurka suka fito. Gwamnatin Meksiko ta kai kamfanonin ƙera bindiga ƙara a 2021, amma a Yunin 2025 alƙalan Kotun Ƙoli duka tara suka yi watsi da ƙarar, bisa dokar 2005 da ta ba kamfanonin kariya. Yammacin Afirka ma yana samun nasa rabon. A 2024 kotun tarayya a North Carolina ta samu wani manjo na sojan Amurka da laifin safarar bindigogi zuwa Ghana. Ya saye su ne a yankin barikinsa, aka cusa su cikin shuɗayen durom-durom a ƙarƙashin shinkafa da kayan gida, aka loda a jirgin ruwa daga Baltimore, jami'an Ghana suka gano su a tashar Tema.